Dare Mahutar Bawa: Nasiha ga Ƴan'uwa Masu Aikin Dare

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Rayayyen da gajiya ba ta taɓa riskar Sa ba, wanda Ya halicci bayinSa raunana, Ya kuma rufa musu asiri da dare domin su huta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga shehunanmu, Ya amfane mu da albarkarsu.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa ahbabu, ga dalilin wannan nasiha.

Kwanakin baya, bayan an tashi daga wazifar magariba, wani ɗan'uwa ya tsaya a zawiya har jama'a suka watse. Ma'aikacin jinya ne a wani gidan likita, kuma aikin karɓa-karɓa yake yi, wani lokaci rana wani lokaci dare. Ya matso kusa da ni cikin kunya ya ce: "Malam, ina tsoron zuciyata ta mutu. Yau ana cikin Jauharatul Kamali barci ya sace ni, carbi ya faɗi daga hannuna, ban farka ba sai da aka shafa. Wannan shi ne karo na uku a wata guda. Ko Shaiɗan ne ya samu hanya a kaina?"

Na tambaye shi awa nawa ya yi barci a kwana biyun da suka wuce. Ya ƙirga da yatsu, bai kai awa shida ba. Da muka ƙara zantawa sai ya faɗi abin da bai zo da niyyar faɗa ba. A daren jiyan nan, wajen ƙarfe huɗu na asuba, ya zuƙi magani a allura domin wani yaro, sai da ya isa bakin gadon ya sake duba kwalbar ya ga ashe ba ita ce aka rubuta ba. Allah Ya tsare. Na ce masa: "Ɗan'uwa, ka zo kana kukan carbin da ya faɗi, alhali allurar nan ta fi shi nauyi a mizani, kuma tushensu ɗaya."

Masu farke domin mu yi barci

Irin wannan ɗan'uwa suna da yawa a cikin sahunmu, ba mu dai lura da su ne. Akwai majo da ungozoma da ke kwana a gidajen likita. Akwai direbobin kamiyo da na manyan motocin fasinja da ke cin hanyar Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi. Akwai masu aiki a matatar mai ta SORAZ, da masana'antar siminti ta Malbaza, da ma'adinan Arlit, da tashar kuran ta Anu Araren, wuraren da inji ba ya tsayawa don rana ta faɗi. Akwai masu gadin shaguna, da masu gasa burodin da muke karya kumallo da shi, da sojoji da jandarmomi, da ƴan kabu-kabu masu jiran motar dare a tasha. A cikin gida ma akwai uwa mai shayarwa, da mai jinyar tsoho, waɗanda ba a lissafa su cikin ma'aikata alhali idonsu biyu har gari ya waye.

Da yawansu ba su zaɓi wannan hali ba, neman halal ne ya kai su, kuma al'umma ba ta wadatuwa daga gare su. Don haka babu zargi a kansu a cikin wannan magana. Abin da muke so shi ne mu san abin da rashin barci ke yi wa ɗan Adam, mu san abin da addini ya ce, sannan kowa ya ɗauki kason da ya hau kansa.

Barci aya ce daga ayoyin Allah

Wanda ya karanta Alƙur'ani da lura zai ga cewa Allah Maɗaukaki Ya ambaci barci a jerin ni'imomi. A Suratun Naba'i da Suratul Furƙan an siffanta dare da tufa, barci da hutu, rana kuma da lokacin tashi neman abinci. A Suratur Rum an lissafa barcinmu cikin ayoyi, kusa da halittar sammai da ƙasa da bambancin harsuna. A Suratul Anfal kuwa Allah Ya tunatar da mutanen Badar gyangyaɗin da Ya lulluɓe su da shi domin hankalinsu ya kwanta kafin haɗuwa da maƙiyi. Ku duba, ƴan'uwa: rundunar da ta fi kowace runduna daraja, daga cikin taimakon da aka saukar mata akwai barci.

Masana halittar jiki sun gano kaɗan daga cikin hikimar wannan tsari. A cikin ƙwaƙwalwa, sama da inda jijiyoyin ido biyu suke gittawa, akwai wani ɗan curi na ƙwayoyin halitta kusan dubu 20, wanda ke aiki kamar agogo. Haske ne ke saita shi. In duhu ya shiga, sai ya ba da umarni a saki wani sinadari mai suna melatonin, zafin jiki ya fara sauka, hanji ya rage aiki, jiki ya shirya wa kwanciya. In gari ya waye sai ya juya lamarin. A shekarar 2017 an ba wasu masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel saboda sun bayyana yadda wannan agogo ke tafiya a cikin ƙwayar halitta, kuma a jikin ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin ƴaƴan itace suka yi binciken. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya sanya wa ƙuda agogo irin wanda Ya sanya wa mutum.

Wannan agogo bai san takardar rabon aiki ba. Ko an rubuta sunanka a aikin dare, shi dai tsakanin ƙarfe uku zuwa biyar na asuba zai ja jikinka ƙasa, lokacin ne hankali ya fi rauni. In kuma ka koma gida da hantsi kana neman barci, shi a lokacin yake tayar da jiki. Shi ya sa barcin rana na mai aikin dare yakan gaza na dare da awa biyu ko fiye, kuma ba ya nauyi. Ƙara da zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ɗaukewar kuran, da hayaniyar gida, da mai sallama a ƙofa. Likitoci sun ce baligi yana buƙatar awa bakwai ko fiye a kowace rana. Abin da ya rage a kai bashi ne, kuma jiki magayi, ba ya yafe bashinsa.

Abin da gajiya ke yi wa aiki

A shekarar 1997 wasu masu bincike a ƙasar Ostiraliya suka gwada mutane ta hanya biyu, sau ɗaya bayan an hana su barci, sau ɗaya bayan an ba su giya. Suka iske cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa sun ragu kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi a kanta. Wanda ya cika awa 24 kuwa ya kai kusan ninkin haka.

Mu yi lissafi da kanmu. Direban da ya tashi ƙarfe biyar domin sallar asuba, ya wuni ana lodi, da ƙarfe goma na dare ya cika awa 17. A lokacin ne kuma zai kama hanya. Wannan bawan Allah bai taɓa kai giya bakinsa ba, in aka zarge shi da ita zai yi rantsuwa da gaskiya. Amma hannunsa a kan sitiyari ya yi kama da na mashayi, kuma rayuka hamsin ko sittin ne a bayansa.

Akwai kuma abin da Bahaushe ya daɗe da sani da ya ce barci ɓarawo ne. Ƙwaƙwalwar da ta gaji takan ɗauke na ƴan daƙiƙoƙi, wani lokaci ido a buɗe, mutum bai ma san ya tafi ba. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu kacal, ta yi mita 100 babu direba. Mita ɗari ta isa a haɗu da amalanke, ko garken shanu, ko kamiyon da ya lalace a gefen hanya ba fitila.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne mai gajiya ba ya iya auna gajiyarsa. A shekarar 2003 an yi wani gwaji a Amurka, aka taƙaita wa mutane barci zuwa awa shida har kwana 14. Ƙoƙarinsu ya yi ta raguwa kullum har ya kai na wanda ya kwana ɗaya cur bai runtsa ba, amma in aka tambaye su sai su ce ɗan barci-barci kawai suke ji. To duk wanda ya ce maka "ni na saba," ka sani abin da ya saba da shi shi ne jin gajiyar, aikinsa kuwa yana ci gaba da lalacewa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai tafiya a hanyar tarbiyya, domin shehunai sun daɗe suna gaya mana cewa rai ba ya ganin aibin kansa, sai da madubin ɗan'uwa.

A fagen jinya ma haka ne. A shekarar 2004 an bi diddigin sabbin likitoci a birnin Boston, aka ga cewa waɗanda ake sa wa aikin awa 24 ko fiye a jere sun fi yin manyan kurakurai da kashi 36 cikin ɗari a kan lokacin da aka rage musu tsawon aikin. Manyan haɗurran duniya ma da yawa cikin dare suka faru. Tashar nukiliya ta Carnobil ta fashe da ƙarfe 1:23 na dare ranar 26 ga Afrilu 1986. Jirgin ruwan dakon mai Exxon Valdez ya hau dutse a gaɓar Alaska jim kaɗan bayan tsakar dare ranar 24 ga Maris 1989, kuma masu bincike sun lissafa gajiyar jami'in da ke kula da tuƙi cikin dalilan haɗarin.

Abin da take yi wa jiki da gida

Illar ba ta tsaya a wurin aiki ba. Bincike da yawa sun nuna cewa waɗanda suka daɗe suna aikin dare sun fi saurin kamuwa da hawan jini, da ciwon suga, da ciwon zuciya, da ƙiba, da ciwon ciki. Rashin barci yana rikita sinadaran da ke gaya wa mutum ya ƙoshi, sai ya riƙa jin yunwa yana neman zaƙi da maiƙo cikin dare, lokacin da hanji bai shirya narkar da su ba. Yana raunana garkuwar jiki. Hukumar binciken ciwon daji ta OMS, mai zama a birnin Liyon na Faransa, ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya haifar da ciwon daji, a 2007, ta kuma sake tabbatar da hakan a 2019. Wannan ba ya nufin duk mai aikin dare zai kamu, amma ya isa ya sa mai hankali ya riƙa zuwa awo.

Sai kuma hali. Mutumin kirki yakan koma mai saurin fushi, ya daka wa yaro tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya kasa sauraron matarsa, ya ji duniya ta yi masa ƙunci. Sau nawa aka kawo ƙarar miji wurin malam aka ce ya canza, ko an yi masa sammu, alhali abin da ke damunsa wata shida ne bai yi cikakken barci ba?

Daga nan ne wata ƙofar sharri ke buɗewa. Ana farawa da shayi zagaye uku da goro da Nescafé, in suka daina aiki sai wani abokin tasha ya miƙo tramol. Ƙwayar ba ta biyan bashin barci ko na minti ɗaya. Rufe bakin jiki take yi don kada ya yi ƙara, sannan ta kama mutum ya kasa rabuwa da ita, kuma tana iya jefa shi cikin farfaɗiya yana kan babur. Wanda ya shiga wannan hali ya nemi likita, ya nemi muƙaddaminsa, kada kunya ta kashe shi.

To, ina batun raya dare?

Na san wani zai ce: "Malam, ashe ba mu ne mutanen raya dare ba? Ashe magabata ba su lissafa rage barci cikin ginshiƙan horon rai ba, tare da yunwa da shiru da kaɗaita?" Gaskiya ne, kuma ba mu ja da baya a kan falalar tsayuwar dare ko taƙi ɗaya. Amma mu duba yadda wanda ya fi kowa tsayuwar dare ya tarbiyyantar da sahabbansa.

Wata rana Annabi (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Aka gaya masa ta Nana Zainab ce, in ta gaji da tsayuwa sai ta riƙe ta. Ya yi umarni a kwance ta, ya kuma karantar da cewa mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. A hadisin Nana A'isha, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ya umarci mai gyangyaɗi a cikin salla da ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, domin yana iya nufin neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Ƴan'uwa, in an ji wa mai gyangyaɗi tsoron kuskuren harshe a gaban Ubangiji Mai gafara, ina ga mai gyangyaɗi da allura a hannu, ko da sitiyari, ko da bindiga?

Ku tuna da Salmanul Farisi da ɗan'uwansa Abud Darda'i, Allah Ya ƙara musu yarda. Salman ya kai ziyara ya tarar da Ummud Darda'i ba kwalliya, ta ce mijinta ba ya da buƙatar duniya. Da dare ya yi Abud Darda'i ya miƙe zai yi salla, Salman ya sa shi ya kwanta. Ya sake miƙewa, ya sake mayar da shi. Sai ƙarshen dare ya tashe shi suka yi salla tare, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya gaskata Salman. Tsayuwar da aka yaba fiye da kowace, ta Annabi Dawuda (AS), ita ma rabin dare barci ne, sulusi salla, sannan a sake kwanciya a sudusin ƙarshe. A ƙarshen Suratul Muzzammil kuma Allah da kanSa Ya sauƙaƙa tsayuwar dare, Ya ambaci uzurin marasa lafiya, da masu tafiya a ƙasa neman falalarSa, da masu yaƙi. Direba da ɗan kasuwa da soja duk ga su a cikin ayar.

Imamul Gazali, wanda ba a fi shi kwaɗaitar da mujahada ba, a Bidayatul Hidaya awa takwas ya sanya a matsayin iyakar barci a dare da rana, ya kuma kwaɗaitar da ƙailula domin ta taimaka wa tsayuwar dare. Abin da shehunai ke yaƙa shi ne barcin lalaci da cikar ciki, wanda ke cinye lokacin wuridi. Raya daren da suke sa murid ya yi kuwa da izini ne, da ma'auni, ƙarƙashin idon mai tarbiyya, kamar yadda likita ke auna magani. Wanda ya kwana yana karɓar haihuwa ba a ce masa ya ƙara wani rashin barci a kan wannan. Mu'azu ɗan Jabal ya gaya wa Abu Musa, suna Yaman, cewa yana neman lada a barcinsa kamar yadda yake nema a tsayuwarsa. Wannan shi ne fiƙihun mai aikin dare: ya kwanta da alwala, da niyyar samun ƙarfin sauke amana, sai barcin ya shiga littafin ibadarsa.

Akwai kuma ƙissar da ya kamata ta sanyaya zuciyar duk wanda barci ya taɓa rinjaya. A hanyar dawowa daga Khaibara, shekara ta 7 bayan hijira, rundunar Musulmi ta yi tafiyar dare har ta gaji. Annabi (SAW) ya ɗora wa Bilal gadin asuba. Bilal ya yi salla iya ƙarfinsa, sannan ya jingina da raƙuminsa yana fuskantar gabas, barci ya kwashe shi. Ba wanda ya farka sai da rana ta buge su. Bilal ya ba da hanzari cewa wanda Ya riƙe ran Manzo Shi ne Ya riƙe nasa. Ba a hukunta shi ba. Aka gusa daga wurin, aka yi alwala, Bilal ɗin dai shi ya tayar da iƙama, aka rama salla. In Bilal, ladanin Manzon Allah, barci ya fi ƙarfinsa bayan tafiyar dare, wane ne kai da za ka ce ƙarfin niyya kaɗai zai riƙe maka ido daga Ƙonni zuwa Tasawa?

Sallarka da wuridinka

Farilla ba ta faɗuwa saboda aiki. Wanda ya sauka daga aiki bayan alfijir ya sallaci asuba kafin ya kwanta, kada ya ce bari in ɗan miƙe tukuna. In zai yi barcin hantsi ya sa agogon waya, ko ya wakilta wanda zai tashe shi kafin lokacin azahar ya fita, ranar Juma'a kuma kafin a tafi masallaci. In ya yi duk wannan barci ya rinjaye shi, ya yi sallar da zarar ya farka, babu laifi a kansa.

Lazimi kuma Shehu bai ƙuntata mana ba. Na safe yana da zaɓaɓɓen lokaci daga bayan asuba zuwa hantsi, mai uzuri kuma yana da sarari har faɗuwar rana. Na yamma daga bayan la'asar zuwa isha'i, mai uzuri har ketowar alfijir. An kuma yi izinin gabatar da na safe a cikin dare. Wazifa sau ɗaya a yini da dare ta wadatar. Kowa ya zauna da muƙaddaminsa ya shimfiɗa masa tsarin aikinsa, su zaɓi lokacin da hankalinsa ya fi kasancewa tare da shi. Kada ka ja carbi kana tuƙi kana gyangyaɗi ka ce zikiri zai tsare ka. Tsaya ka yi barci, shi ne ɗaure raƙumin da ake yi kafin tawakkali.

Nafilar dare in ta kuɓuce maka, hadisin Sayyidina Umar a Sahihu Muslim ya yi bushara cewa wanda barci ya hana shi abin da ya saba karantawa, ya karanta tsakanin asuba da azahar, za a rubuta masa kamar da dare ya yi.

Kason kowa

Kai mai aikin dare, ka ɗauki barcinka da muhimmancin da kake ba abincinka. Ka samu ƙailula kafin ka fita aiki. In ka dawo ka duhunta ɗaki da labule mai kauri, ka kashe waya ko ka ba wani ya riƙe. Shayi da kofi ka sha su a farkon aiki, domin bayan awa biyar kusan rabin ƙarfinsu na nan a jini, in ka sha gab da sauka za su hana ka barcin da kake nema. Ka sauƙaƙa abinci cikin dare, ka yawaita ruwa. In hamma ta yi yawa, ko ka kasa tuna garin da ka wuce yanzu, ko mota ta fara cin gefen hanya, ka tsaya a wuri amintacce ka yi barcin minti 20. Buɗe gilashi da ƙara sautin rediyo ba sa magani. Sannu ba ta hana zuwa. Aikin da kuskure a cikinsa ke taɓa rai, kamar awon magani, ka sa abokin aiki ya sake dubawa, musamman a goshin asuba. Kuma ka riƙa auna jini da suga lokaci-lokaci.

Ku iyalin gida, barcin hantsi na maigida ko na uwargida mai aikin dare shi ne darensu. Ku janye yara daga ƙofar ɗaki, ku jinkirta daka, ku ba mai sallama haƙuri. Mijin da matarsa ta kwana a gidan likita kada ya tsaya jiran tuwon rana daga hannunta kamar ta kwana a gida. Dangi ma su yi uzuri in ba a gan shi wurin suna ko ɗaurin aure ba.

Ku masu motoci da masu kamfani da shugabannin ma'aikatu, naku ya fi nauyi. Annabi (SAW), a hadisin Abu Zarri, ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in kuma an ɗora to a taimaka masa. A Tarayyar Turai doka ta wajabta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a ƙa'ida ba ya wuce awa tara a rana. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 171 ta shekarar 1990, ta tanadi cewa mai aikin dare yana da haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta. Mu da muka yi imani da hisabi mun fi cancantar riga kowa. Alhajin da ya sa direba ya juyo daga Yamai a daren da ya isa don kada a rasa lodi, in abu ya faru kada ya ce ƙaddara ce kawai ya wanke hannunsa. Ƙaddara gaskiya ce, tambaya ma gaskiya ce. Direba na biyu da ƴan jikkunan da za a biya shi sun fi diyyar rai sauƙi.

Mu kuma mutanen zawiya, mu fara da kanmu. In za mu tafi Maulidin Kiyota ko ziyarar Kaulaha, direban da zai dawo da mu kada ya kwana a filin zikiri tare da mu. A ba shi wuri ya yi barci, a gaya masa barcinsa hidima ce ga ahbabu kuma yana da ladan taron. In muna majalisin dare a unguwa, mu tuna akwai maras lafiya a maƙwabta, akwai wanda zai karɓi aiki ƙarfe biyar, mu sassauta lasifika. Wanda muke ambato Mai ji ne. In kuma ka ga ɗan'uwa yana gyangyaɗi a wazifa, kada ka yi saurin yanke masa hukuncin gafala. Wataƙila idon nan ya kwana a kan ɗanka ne.

Ɗan'uwan nan da na ba ku labarinsa, mun zauna mun sake tsara masa lokutansa. Ranar da ya kwana aiki yana yin laziminsa na safe a cikin dare lokacin da majinyata suka lafa, ya sallaci asuba, ya koma gida ya kwanta har azahar, ya zo wazifa da magariba. Ya kuma yi magana da abokan aikinsa suka amince kowane magani mai haɗari mutum biyu za su duba shi. Da na sake ganinsa na tambaye shi labarin carbi. Ya yi murmushi ya ce yana nan a hannu.

Ya Allah, Ka sanya barcinmu hutu da ibada, farkawarmu kuma ɗa'a da amfani. Ka tsare masu kwana a kan hanya, da masu kwana a kan marasa lafiya, da masu kwana suna gadin ƙasa da dukiyar bayinKa. Ka mayar da su gidajensu lafiya, Ka sa albarka a cikin abin da suke samu, kada Ka sanya ran wani ya salwanta ta hannunsu. Ka ba shugabanni tausayin na ƙasa da su. Ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, da sauran ƙasashen Musulmi, albarkar Shugaban halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.